Horon Ma'aikata: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Tun a shekarar 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedikwata a Jos. Doka ta wajabta wa kamfanonin da suka kai wani matsayi su riƙa zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a shekara. Ke nan an yi tanadin kuɗin horo. Abin tambaya shi ne, shin ma'aikacin da ake horarwa yana ganin amfaninsa?

A ganina, amsar ta danganta ga shekarun ma'aikaci da jinsinsa. Ɗauki matashin da ke aiki a masana'antar roba a Sharaɗa. Shi horo tsani ne gare shi, domin yana hangen takardar shaida da ƙarin girma, ko samun wani aikin da ya fi wannan tsoka. Amma dattijon da ya shekara talatin yana jima a majemun Challawa kan ɗauki kiran horo a matsayin raini, ko share fagen sallama, musamman idan sa'an ɗansa ne zai koyar da shi. Gaskiya ne gemu ba ya hana ilimi, amma gemu yana son girmamawa.

Ita kuwa macen da ke sashen shirya kaya a kwali a Bompai, matsalarta daban ce. Idan aka sa horo bayan tashi daga aiki, ya ci karo da girki da raino da iznin maigida. Idan ta daure ta halarta, sannan ta ga maza kaɗai ake ɗorawa kan injina, yaya za ta yarda wahalarta ta biya?

Akwai kuma batun harshe. Ma'aikacin da ke tunani da Hausa, aka yi masa bayanin inji da Ingilishi zalla, zai gyaɗa kai ne kawai, ya koma gidan jiya.

Saboda haka, ya kamata masu masana'antu su sanya horo cikin lokutan aiki, su gudanar da shi da Hausa, su mayar da dattawa masu koyarwa, sannan su ɗaure shi da ƙarin girma ga mace da namiji. Horon da mai karɓarsa bai ga ribarsa ba, shuka ce a idon makwarwa.