Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ya ku 'yan uwa na Hartum da Bahri da Umdurman, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da Bur Sudan.

Mu ne muke riƙe da littafin zauren dattijo. Duk wanda ya zo da kuka, mu muke rubuta unguwarsa da abin da ya kawo shi. Tun da jama'a suka fara komowa, bayan da soja ya karɓe Hartum a watan Maris na 2025, kukan da ya fi cika shafukan littafin nan shi ne na mazauna gidajen da gwamnati ta gina wa talakawa, waɗanda muke kira iskan sha'abi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami kuwa wata magana ce da muka ji tana yawo a majalisunmu, har daga bakin masu furfura: wai wanda ya samu gidan iskan ya riga ya ci rabonsa, a bar taimako ga wanda ba shi da komai. Wannan magana kuskure ce. In aka bar ta ta zauna, za ta raba marayu da rufin da ubansu ya mutu yana biya.

Bari mu fara da bayanin yadda gidan yake, domin da yawa daga masu wannan magana ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Asusun Gidaje da Raya Birni na jihar Hartum, wanda aka kafa a farkon shekarun 2000, ya kasa gidajensa kashi uku: na talakawa, da na masu matsakaicin hali, da na kasuwanci, wanda aka ce ribarsa ce za ta tallafa wa na talakawa. Mai neman gidan talakawa sai ya kawo takardar zama ɗan ƙasa, da takardar aure, da takardun haihuwar 'ya'yansa, da shaidar cewa ba shi da fili a jihar. In rabo ya rantse, sai ya ba da kuɗin farko, a miƙa masa makullin ɗaki da madafa da makewayi da katanga, sauran kuɗin kuma ya riƙa biya wata-wata har shekaru masu yawa. Kafin ya kammala biya, gidan bai zama nasa ba. Zamansa ya fi kusa da na ɗan haya, sai dai haya ce mai fatan mallaka a ƙarshenta.

A ina aka gina su? A ƙarshen unguwannin Saura da ke Karari, da Andalus a kudancin Hartum, da Wadil Ahdar a Gabashin Nilu, da makamantansu, wato can bakin gari inda ƙasa take da araha. Mai sayar da agashe, da ɗan dako, da mai wanki da guga, da mai shayi, duk abincinsu yana tsakiyar gari, a Kasuwar Larabawa ko Kasuwar Libiya ko kasuwar Umdurman. Kowace safiya sai sun biya mota biyu ko uku kafin su isa wurin nema. Inda famfo bai kai ba, ruwa sai an saya a ganga daga mai amalanken jaki. Asibiti da nisa, makaranta a cushe. Tun kafin a harba harsashi ko ɗaya, mutumin iskan yana raba ɗan abin da ya samu tsakanin mota da ruwa da kuɗin wata, abin da ya rage shi ne na tuwo.

Mu Hausawa bai kamata a yi mana wa'azin wannan ba, domin mun sha shi a jikinmu. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950 Turawa suka rushe tsofaffin Duyum na Hartum suka tura mazaunansu kudu. A farkon shekarun 1990 aka tashi Ishash Fallata aka mayar da iyayenmu unguwar Inƙaz. A 2005, bayan rikicin Soba Aradi, an kwashi mutane an sauke su a Fatah, a hamadar arewacin Umdurman. Kowane tashi ya koya mana darasi guda: samun fili ko makulli shi ne matakin farko, abin da ke zaunar da iyali shi ne ruwa da hanya da sana'a da wanda zai tsaya maka ranar da ka gaza. Wanda bai samu waɗannan ba yakan sayar da rabonsa da araha ya koma bukka, shekara goma kuma a sake zuwa a rushe bukkar.

Sai ga 15 ga Afrilu na 2023. Yaƙin ya ci mutanen iskan ta fuska biyu. Na kudancin Hartum da Gabashin Nilu sun gudu da abin da ke jikinsu, da suka komo suka tarar an ɓalle ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin lantarki daga bango, an kwashe tukwane da keken ɗinki. Na Karari kuwa, da yawansu ba su tashi ba, amma ɗaki guda ya ɗauki iyalai uku ko huɗu na dangin da suka gudo, ga ruwan bama-bamai, ga tsadar abinci, ga kwalarar da ta ɓarke a watan Mayu na 2025 lokacin da wuta da ruwa suka yanke. Waɗannan mutane su ne suka ciyar da baƙi daga tukunyarsu da ta takiyyar unguwa. Yanzu kuma a ce sun ci rabonsu?

Wata baiwar Allah ta zo zaure da 'ya'ya biyar. Mijinta mai agashe ne, ya shekara yana biyan kuɗin wata ba fashi, ya rasu a hanyar gudun hijira. Takardun gidan da rasiɗan biya duk sun salwanta. Ba ta san nawa ya rage ba, ba ta san ko sunanta zai iya hawa kan takardar ba. Kafin mu ji labarinta, wani dillali ya riga ya je mata sau uku, ya tsorata ta da cewa za a ƙwace gidan saboda bashi, gara ta sa hannu ta karɓi abin da ya samu. Kuɗin da ya yi mata tayi ba zai biya hayar shekara guda a Saura ba. Dillalin nan ba baƙo ba ne. Da Hausa ya yi mata magana, “'yar uwa” yake ce mata, sahu ɗaya muke tsayawa da shi ranar Juma'a. Ga inda maganar “ya ci rabonsa” take kaiwa: a janye hannu daga mai rauni, a bar shi da kura.

Masu cewa bashi bashi ne, alkawari kuma kaya ne, ba mu musa musu ba. Amma mun zauna gaban malamai, mun san shari'a ba ta tsaya nan ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa masu bashi cikin mutane takwas da ake ba zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya karanta babin ijara a Muhtasar na Shehu Halil ya san cewa haya tana warwarewa idan aka ƙwace gidan ko aka ƙwace amfaninsa, kuma malamanmu sun lissafa runduna cikin masifun da ba a iya karewa, waɗanda ake rangwame saboda su. Hatta dokar ƙasa, wato Dokar Mu'amalolin Farar Hula ta 1984, ta ba alƙali ikon sassauta nauyin yarjejeniya idan wani babban al'amari da ba a zata ba ya auku. In yaƙin da ya kori miliyoyin mutane daga babban birni bai cika wannan sharaɗi ba, to me zai cika shi?

Saboda haka ga abin da muke nema daga hukuma, a fili, ba tare da rusunawa fiye da ƙima ba. Na farko, a dakatar da lissafin kuɗin wata na tsawon lokacin yaƙi ga gidajen talakawa, ba tara, ba ƙari, kuma kada a ƙwace gidan kowa da hujjar bashi ko hujjar cewa an bar shi ba kowa, alhali harsashi ne ya fitar da mai shi. Na biyu, a sauƙaƙe mayar da takarda zuwa sunan matar mamaci da marayunsa, a karɓi shaidar maƙwabta da limamin unguwa inda takardu suka ƙone. Na uku, Diwanin Zakka, wanda Dokar Zakka ta 2001 ta ɗora wa tarawa da rabawa, ya ware wani abu daga kason masu bashi domin biyan ragowar kuɗin gidajen marayu da tsofaffi, ya kuma sa su cikin iyalan da yake biya wa inshorar lafiya. Na huɗu, idan za a gyara famfo da lantarki da hanyar mota, kada a gama da tsakiyar gari sannan a tuna da bakin gari. Na biyar, tallafin kuɗi kai tsaye. An gwada shi a wannan ƙasa: shirin Samarat da aka fara a watan Fabrairu na 2021 ya tanadi kimanin dala biyar ga kowane mutum a wata, kafin masu ba da kuɗin su dakatar bayan 25 ga Oktoba na wannan shekara. Kuɗin kaɗan ne, amma a gidan mutum takwas yana sayen ruwa da gawayi. In aka farfaɗo da irinsa, mazauna iskan su shiga sahun farko.

Mun san abin da wasu za su ce: mu yi shiru, kada a ce baƙi sun fara ƙorafi. Wannan tsoro yana da tushe. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda zamansa ko na kakanninsa ya kai 31 ga Disamba na 1897, da ita aka daɗe ana rufe wa iyayenmu ƙofa, su da suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kuma yi wa audugar Jazira hidima tun daga 1925. Amma dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu na 1956. Wanda yake da lambar ƙasa a aljihunsa, yake biyan haraji da zakka, ba bara yake yi ba idan ya nemi haƙƙinsa. A watan Yuli na 2022, da aka zubar da jinin 'yan uwanmu a Shuɗin Nilu, mun cika titunan Hartum ba mu ji tsoro ba. Ashe muna da murya domin matattu, ba mu da ita domin rayayyu? Kuma wannan kuka ba namu kaɗai ba ne. Maƙwabcinmu a iskan ɗan Nuba ne, ɗan Darfur ne, ɗan Arewa ne, bashi ɗaya ke kanmu. Mu kai takardar koke tare da su.

Saura namu laifin, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Muna da attajirai a kasuwar hatsi da ta dabbobi da harkar motoci. Muna da 'ya'ya a Jidda da Riyad masu aiko da kuɗi ta Bankak. Mun ga abin da ake kashewa a biki guda, mun ga masu maimaita Umra kowace shekara. Kuɗin tanti da masu kiɗa na dare ɗaya zai mayar da ƙofa da taga a gidaje da dama. Ba mu hana kowa farin cikinsa ba, amma mai zuwa Ɗakin Allah karo na biyar ya tambayi kansa ko maƙwabciyarsa tana da ɗakin kwana.

Abin da muke kira gare shi mai yiwuwa ne. Kowane masallacinmu ya buɗe littafi ya rubuta gidajen iskan da ke cikin haɗari, a fara da na marayu. A kafa asusu irin adashin da iyayenmu mata suka iya, da ma'aji biyu da lissafin da za a karanta a bainar jama'a kowane wata, domin mun ga asusun da ya mutu saboda mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikinsa. Lauyoyinmu da ɗalibanmu na jami'a su ware rana guda a mako su raka tsofaffi ofisoshi, su nemo musu madadin takardun da suka ɓata, su karanta musu duk abin da za su sa wa hannu. Maginanmu da kafintocinmu da masu walda su dawo da gayya, wadda maƙwabtanmu suke kira nafir: Juma'a guda, gida guda. Mai sana'ar da aka sace wa kayan aiki a saya masa wasu, domin wanda yake da abin yi shi zai ci gaba da biyan kuɗin watansa da kansa. Dillalin da aka kama yana farautar gidajen zawarawa kuwa, dattawa su kira shi su ja masa kunne, in ya ƙi ji a daina sa shi shaidar ciniki ko ta aure.

Ga masu gidajen haya daga cikinmu, waɗanda suka ninka kuɗi a Karari saboda mutane ba su da mafita, muna tunatar da su cewa Dokar Hayar Gine-gine ta 1991 tana nan, kuma bayanta akwai ranar hisabi.

Baiwar Allah da muka ambata ba ta sa hannu ba. Wani saurayi daga cikinmu ya yi ta zirga-zirga da ita har aka gano fayil ɗin mijinta, mutum shida kuma suka haɗa kuɗin ƙofa. Bashin yana nan, amma yara suna kwana a ɗakin ubansu. Irinta suna da yawa a littafinmu, waɗanda ba su zo ba kuma sun fi yawa, domin kunya takan hana mai mutunci buɗe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya san gidan iskan da ake shirin sayarwa saboda tsoro ko yunwa, ya gaya wa limamin unguwarsa ko ya zo zaure kafin a sa hannu, domin bayan sa hannu magana ta zama ta kotu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya rufa wa marayu asiri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.