Kwana 10 Kacal, Amma Wa Ya Sani?

A dokar Nijar, wanda kotu ta samu da laifi irin na sata ko faɗa yana da kwana 10 kacal ya ɗaukaka ƙara, daga ranar da aka yanke hukunci a gabansa. Ba babbar kotu ake fara dosa ba. Wurin magatakardan kotun da ta yi hukuncin ake zuwa, a rubuta, a sa hannu. Wanda ke tsare kuwa, ta hannun shugaban gidan kaso zai bi.

To, talakan Sabon Maci da aka yi wa shari'a a Dakoro, wa ya gaya masa haka? Da Faransanci aka rubuta dokar. Kafin dangi su sayar da akuya, su gama kamun ƙafa wajen manya, wa'adi ya cika, ko da gaskiyarsa.

Mu malaman makaranta ba ma ɓoye wa ɗalibi ranar jarrabawa. A ganina, da zarar alƙali ya gama karanta hukunci, ya kamata ya faɗa wa mutum da Hausa: "Kana da kwana 10, ga wanda za ka gani." Limamai da masu gari su ma su riƙa tunatar da jama'a, domin rashin sani ya fi dare duhu.