Kirifto a Bakin Tafkin Kainji: Kafin Ka Zuba Kuɗin Albasa a Waya

Duk wanda ke zama a majalisun matasa a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ya san cewa hirar kirifto ta zama kamar hirar ƙwallo. Wannan yana cewa “ta kusa fashewa”, wancan yana nuna hoton dala a fuskar wayarsa, wani kuma ya yi tsit saboda nasa kuɗin sun riga sun tafi. Matsalar ita ce abubuwa uku daban-daban muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya, alhali kowanne da irin haɗarinsa.

Na farko shi ne mainin na dangwale, wanda ya ba mu sunan ’yan baiwa. A watan Mayun 2024 Notcoin ta fashe, wasu suka samu ’yan kuɗi, sai kowa ya ruga. Hamster Kombat ta biyo baya, aka kwashe watanni ana dangwalar waya dare da rana. Da ta shiga kasuwa ranar 26 ga Satumban 2024, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Pi kuwa, wadda aka fara tun 2019, ta buɗe kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025. Ta taɓa kusan dala 3 a kwanakin farko, daga baya ta gangaro ƙasa da dala ɗaya. A wannan fanni ba a cika asarar jari ba. Abin da ake asara shi ne lokaci, da data, da kuɗin caji. Abin dariya abin takaici, muna zaune a bakin tafkin da ke ba ƙasa wuta tun 1968, amma da yawanmu sai mun biya mai shago kafin waya ta cika.

Na biyu shi ne saye da sayar da kuɗin intanet na gaske, irin su Bitcoin. A nan ne maganar hawa da sauka take. A Nuwamban 2021 Bitcoin ɗaya ta kai kusan dala 69,000. Shekara ɗaya bayan nan, da kamfanin FTX ya durƙushe, ta faɗo kusan dala 16,000. Mu yi lissafi da kuɗin gida: wanda ya zuba abin da ya kai Naira 200,000 a lokacin da take sama, idan aka auna da dala, abin da ya rage masa bai wuce kimanin 46,000 ba. Gaskiya ne ta farfaɗo, har ta haura dala 100,000 a Disamban 2024. Amma sai a Maris 2024 ta koma farashinta na 2021, wato jiran sama da shekara biyu. Wannan fa ita ce babbar yaya a kasuwar. Ƙananan kuwa, wasu idan suka faɗi ba sa tashi. Luna, wadda aka yi ta yabo, ta zama kusan ba komai cikin ’yan kwanaki a Mayun 2022.

Na uku shi ne damfara tsagwaronta da ta ara rigar kirifto. CBEX ta yi wa mutane alƙawarin ninka kuɗinsu cikin kwana 30. A Afrilun 2025 aka wayi gari ba a iya cire ko sisi, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan, EFCC ta shiga bincike. Yayyenmu sun ga irin wannan a MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin irin wannan alƙawari. Idan Naira 100,000 za ta riƙa ninkuwa duk wata, a wata 12 za ta haura Naira miliyan 409. Mai irin wannan sirri me zai yi da dubu hamsin ɗinka? Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ranar da sababbi suka ƙare kuma sai a ja ƙofa.

To me ya sa duk da haka matasa ke tururuwa? Kada mu yi saurin cewa kwaɗayi ne kawai. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen Naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wanda ya ajiye kuɗinsa a asusu ya ga suna narkewa kamar ƙanƙara a rana. Wanda ya mayar da su USDT, kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dala, ya tsira da ƙimarsu a wancan lokaci. Ga rashin aikin yi, ga waya a hannun kowa, ga shi ba a tambayar takardar makaranta ko ɗan wane ne kai. Wannan jan hankali na gaske ne, kuma wanda ya raina shi bai san halin da matasa ke ciki ba.

Sai dai yankinmu yana da wani yanayi da ya sa haɗarin ya fi tsanani. Kuɗinmu na kaka ne. Manomin albasa a tsibiran Yauri, da mai shinkafa a fadamun Shanga, da mai kifi da warangi a Wara, duk kuɗi kan zo musu ne a dunƙule, sannan a daɗe ba a ga wasu ba. Kuma wannan dunƙulen ba riba ba ce zalla. A cikinsa akwai iri da taki da man injin ban-ruwa, akwai gyaran jirgi da sabon koma, akwai kuɗin makaranta da na asibiti. Kuɗi ne masu ranar aiki. Kasuwar kirifto kuwa ba ta san lokacin shuka ba. Attajiri a Legas zai iya jiran shekara biyu farashi ya dawo. Yaron da ya zuba kuɗin takin mahaifinsa dole ya sayar a ranar da ake buƙatar taki, ko da kasuwa tana ƙasa.

Wani zai ce ai albasa ma tana hawa da sauka. Haka ne, buhun da aka yi rububinsa bana yana iya yin kwantai baɗi. Amma ɗan kasuwar albasa ya san dalili: ya san lokacin da kaya ke cika kasuwa, ya san illar damina ga ajiya, ya san motocin da ke lodi zuwa kudu. Idan ta ƙi sayuwa ma, a ƙalla za a ci miya. Farashin kirifto kuwa yana motsi ne da shawarar babban bankin Amurka, ko saƙon wani hamshaƙi a X, sau da yawa muna barci.

Ta fuskar doka ma ƙasa ta yi ta sauya ra’ayi. A Fabrairun 2021 CBN ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, a Disamban 2023 ya janye. A Fabrairun 2024 aka tsare jami’an Binance biyu a Abuja, a Maris kamfanin ya daina mu’amala da Naira. A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba Busha da Quidax amincewar farko, sannan a Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu shirya damfara irin ta MMM. Ci gaba ne, amma doka ba ta dawo da farashin da ya faɗi. Kuma ka sani, idan bankin kasuwanci ya rushe, NDIC tana biyan mai ajiya har Naira miliyan 5. Abin da ke cikin walat ɗinka ba shi da wannan inshora.

Ga wanda ya ce shi dai sai ya shiga, akwai ’yan ƙa’idoji. Kada ka sa kuɗin da ke da ranar aiki, ko na bashi, ko na adashi, ko na amana. Duk wanda ya yanke maka riba tabbatacciya, ko ya ce sai ka kawo mutane kafin ka samu, ka kama gabanka. Ka duba sunan kamfani a shafin SEC da kanka, kada ka dogara da hoton satifiket a WhatsApp, domin rajistar CAC ba lasisin karɓar jarin jama’a ba ce. Kalmomin sirrin walat ɗinka 12 ko 24 kada ka ba kowa, ko da wanda ya buɗe maka ne. Ka guji cinikin fiyuca, inda ake ara maka ƙarfi ninki goma: motsin kashi 10 cikin ɗari kawai ya isa ya share jarinka. Batun halacci kuma malamai sun saɓa, don haka ka tambayi wanda ya san fiƙihu ya kuma fahimci yadda abin ke aiki.

Akwai kuma nauyi a kanmu masu ɗan ilimin waya. A ƙauyukan bakin ruwa, idan dattijo ya sa kuɗi a irin wannan harka, yawanci ɗansa ne ko ƙaninsa ɗan makaranta ya kawo masa labari. Ba manhajar ya yarda da ita ba, kai ya yarda da kai. Ladan gayyata da za ka samu bai kai darajar wannan yarda ba, kuma idan abin ya rushe, masu manhajar ba za su zo zaman sulhu a gidan mai unguwa ba. Kai za a kira.

Kafin kaka mai zuwa, duk wanda aka kawo wa wata sabuwar manhaja ya yi tambaya ɗaya: ribar nan daga aljihun wa take fitowa? Idan mai tallar ya kasa amsawa da Hausar da mahaifiyarka za ta gane, bar kuɗinka inda suke.