Rana Kyauta Ce, Batir Ne Ke da Tsada



Duk wanda ke cin kasuwar Getso ya san yadda ciniki ke tsayawa cik idan mai POS ya ce babu sabis. An daidaita, an yi sallama, har an ɗaure akuya a bayan babur, amma kuɗi sun ƙi fita. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, intanet ya tashi daga abin hirar samari ya koma kayan sana'a. A cikin garin Gwarzo da na Kabo da sauƙi. Da an sauka daga kwalta an nufi ƙauyuka, sai ka ga mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda babu wutar NEPA, ƙarfen sabis sai da janareto, janareto kuwa sai da dizal dare da rana. Kamfani zai yi lissafi, ya ga katin da ƙauye ke saye bai kai kuɗin mai ba, ya yi gaba.

Hasken rana ya karya wannan lissafi. Ɗan ƙaramin turke, farantan sola, batura, da na'urar da ke ɗauko sabis daga tauraron ɗan'adam ko daga wani turke mai nisa, shi ke nan ƙauye ya haɗu da duniya. Kamfanin Africa Mobile Networks yana kafa irin waɗannan a karkarar Najeriya, Starlink ma ya shigo ƙasar a Janairun 2023. Ba ma sabon abu ba ne a Arewa: Gidauniyar Fantsuam da ke Kafanchan ta yi shekaru da kafa intanet maras waya na al'umma, mai suna Zittnet. A nan Kano, cibiyar CITAD ta daɗe tana matsa wa hukuma ta fito da tsarin da zai bai wa al'umma damar mallakar nasu intanet ɗin. Akwai kuma asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin irin waɗannan wurare.

To amma mu dubi fitilun sola da aka jera mana a tituna. Nawa ne ke ci yau? Ƙurar hunturu ta lulluɓe faranti ba mai gogewa, zafin bazara ya dafa batir, wanda ya tsira kuma ɓarawo ya kwance. An yi bikin buɗewa, an watse, ba a ce ga wanda zai kula ba. Idan aka bi da turken intanet haka, bayan damina biyu zai zama wurin ɗaure jaki.

Don haka kafin a kafa ƙarfe, a fara kafa kwamiti: dagaci, 'yan kasuwa, malaman makaranta, da mata masu sana'ar cikin gida. A sa ɗan kuɗi kaɗan a kan mai amfani, a riƙa tara na sauya batir tun daga watan farko. Masu gyara kuwa ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Yaran nan masu shagon cajin waya sun riga sun san sola da inbata ciki da bai, horo kaɗan suke buƙata da albashin da zai riƙe su a gida.

Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo za su iya farawa da kasuwa ɗaya da asibitin sha-ka-tafi ɗaya.