Mu Kai Yaranmu Makarantar Koyon Sana'a



Kowace shekara idan yaranmu sun zo zaɓen makarantar da za su shiga bayan jarrabawar BECE, sai mu ga iyaye suna kau da kai daga makarantun koyon sana'a. Waɗansu suna cewa wai wurin waɗanda suka kasa karatu ne. Waɗansu kuwa tsoronsu shi ne yaro zai cuɗanya da kowane iri, har ya saki addininsa da tarbiyyar gida. To, mun ga ya kamata mu tsaya mu auna wannan magana.

Bari mu ɗauki misali da wadda ke kusa da mu a nan Ankara, watau Accra Technical Training Centre da ke Kokomlemle, wadda yaron Nima ko Newtown zai iya zuwa da ƙafa. An buɗe ta a 1966 da taimakon Gwamnatin Kanada. A cikinta ana koyar da gyaran mota, da walda, da kafinta, da gini, da aikin famfo, da sa wayar lantarki, da gyaran firiji. Tun 2017 kuwa Gwamnatin Gana ta ɗauke wa iyaye kuɗin makarantun sakandare nata, har da na sana'a. Saboda haka hanzarin rashin kuɗi ya ragu ƙwarai.

Wanda ya leƙa irin wannan makaranta zai tarar da ɗan Ga, da Ba'asante, da ɗan Ewe, da Bafante, da Badagombe, Kirista da Musulmi, duk a kan teburin aiki guda, wannan ya riƙe ƙarfe wancan ya buga. Shin wannan abin tsoro ne gare mu? Mu tuna fa da asalinmu. Kakanninmu fataken goro ne da suka taso daga Kano da Katsina da Barno suka sauka Salaga, kuma bayan yaƙin Salaga na 1892 suka watsu cikin garuruwan ƙasar nan. A zangon da suka kafa, Bahaushe ya zauna da Bazabarme, da Kotokoli, da Moshi, da Wangara, da Bayarabe, suka yi ciniki da masu ƙasa shekara da shekaru, addininsu bai tafi ko'ina ba. Ashe kuwa ɗan zango ne ya fi kowa sanin zama da baƙon harshe.

Har ila yau akwai riba cikin wannan cuɗanya. Yaron da ya yi shekara 3 yana aiki tare da 'yan wasu ƙabilu, zai fito da abokai a Kumasi da Ho da Takoradi da Tamale, ya kuma ƙara jin Turanci da Twi da Ga. Gobe idan kwangila ta faɗo hannun ɗayansu, wanda ya sani zai kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san waɗansu za su ce, ai ga masta nan a bakin titi, ko a Suame Magazine ta Kumasi, a kai yaro can ya koya. Gaskiya ne, ba ma raina waɗannan masu gida, don sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma zamani ya juya. Tun dokar 2011 ta sa wayar lantarki, sai mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi aka yarda ya sa wa gida waya. Motocin yanzu kuma da kwamfuta ake gano ciwonsu. Wanda ba ya karanta zane, ba ya iya lissafin awo, ba shi da satifiket, zai daɗe yana yaron wani.

Batun addini kuwa, ba mu ce a yi sakaci ba. Tsarin mulkin ƙasa na 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa. Abin da ya rage namu ne: uba ya je taron iyaye da malamai da kansa, ya yi magana cikin ladabi a kan sallar Jumma'a da azumi da suturar 'ya'ya mata. Yaro ya ci gaba da zuwa makarantar allo da maraice da ranakun hutu. Wanda aka gina da kyau a gida, zama da Kirista a aji ba zai rushe shi ba. Mu dubi Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda ya ziyarci cocin Christ the King a 2019 don ƙarfafa zaman lafiya, girmansa kuwa sai ƙaruwa ya yi.

Abin da ya fi cancanta mu ji tsoro shi ne samarinmu da ke wuni a gindin bango suna shan ataya, ba karatu ba sana'a, suna jiran ɗan siyasa ya zo ya yi amfani da su, ko suna shirin keta hamada zuwa Libiya.

Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da su yi wannan jan hankali a masallatai. Iyaye mata na kasuwa, kada ku bar 'yan mata a baya, su ma akwai gurbinsu. Idan lokacin zaɓen makaranta ya zo, a sa ta sana'a da zuciya ɗaya.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.