Shukar ɗaki: a zaɓi mai jure hutu

'Yan uwa ɗalibai, ni dai ban goyi bayan wannan yayin na sayen fulawa mai tsada a ajiye a hostel ba. Kafin ka saya, wa zai ba ta ruwa idan an tafi hutu? Balle yajin aiki. Na ASUU a 2022 wata takwas ya yi fa!

Ni zaɓina alobera. Ganyenta na riƙe ruwa, tana yin makonni ba ban-ruwa. A huda gindin gwangwanin, a gauraya ƙasar da yashi, a ajiye ta bakin taga. Yawan ruwa ke ruɓar da saiwarta, musamman a damina irin ta Zonkwa da Kafanchan.

Mai son citta kuwa, ai nan gidanta ne, amma tana son danshi. Ranar tafiya sai ka ɗauki abarka.