Inji ba ya mutuwa bai yi kuka ba

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga makanike ya ɗora bakin turnabis a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya ce: "Wannan ba zai kai sati ba." Ba duba ba ne. Duk ƙarfen da ke juyawa yana girgiza, kuma girgizar tana canzawa tun kafin ya lalace.

Wannan kunnen ne aka mayar na'ura. A 1880, Pierre da Jacques Curie a Faransa suka gano cewa akwai duwatsun da ke fitar da ɗan lantarki in an matse su. A 1939, wani injiniya a Amurka, Rathbone, ya fitar da jadawalin da ke raba girgizar lafiya da ta haɗari. A 1943, kamfanin Brüel & Kjær na Danmak ya ƙera ma'aunin girgiza da irin waɗancan duwatsu. A shekarun 1960, Don Bently a jihar Nevada ya kawo na'urar da ke auna motsin sandar inji ba tare da ta taɓa ta ba. Yau ƙanwarsu tana cikin wayar da ke hannunku, ita ke juya muku hoto.

To amma na'ura ba ta isa ba. Ranar 17 ga Agusta 2009, a madatsar Sayano-Shushenskaya ta Rasha, girgizar inji na 2 ta riga ta wuce iyaka, aka bar shi yana aiki. Ƙusoshin murfinsa suka tsinke, ruwa ya cika ɗakin injuna, mutum 75 suka rasu.

Abin da nake gani ke nan: auna girgiza bai fi a sami mai ikon cewa "a kashe" wuya ba. Mu da ke jiran wutar madatsar Kandaji, mu tambaya tun yanzu: wa zai duba ma'aunin, kuma in ya tsayar da inji, yabo zai samu ko kora?

Haka ma a ƙasa. Mai injin niƙa, mai gurup, mai famfon lambu, in yaronka ya ce maka kukan inji ya canza, don Allah kar ka ce lalaci ne. Asarar wuni ɗaya ta fi sauƙi a kan sayen sabon inji, balle hannun yaro.